Kurakuran da masu kare da kyanwa suka fi yi idan ciwon da ba a saba gani ba ya zo

Daga Barnawa zuwa Malali da Kawo, gidaje da yawa a Kaduna suna ajiye kare don gadi, kyanwa kuwa kusan ko'ina akwai ta. Amma da zarar dabba ta ƙi cin abinci, hukuncin da ake yankewa bai wuce biyu ba: ko zazzaɓin kaska, ko tsutsar ciki. Lallai su ne suka fi yawa, musamman da damina. Sai dai akwai cututtukan da kan zo da alamomi iri ɗaya da waɗannan, kuma wasunsu ba su da magani sai tiyata.

Babban kuskure shi ne yin allura kafin gwaji. A kira wani mai yawo da jakar magani ya yi allurar kwana uku, in ba ta yi ba a canza wata. Kafin a kai ga likitan dabbobi mai rajista, mako ya wuce, jiki ya raunana. Gyaran shi ne a nemi gwajin jini tun farko, in likita ya ce a yi hoton ciki ko na ƙirji kada a ga kamar neman kuɗi yake. In asibitin unguwa ba shi da na'urar, a karɓi takardar tura mara lafiya zuwa Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Ciwon da ya fi ba ni tausayi shi ne taruwar mugunya a mahaifar karya. Yakan zo makonni kaɗan bayan ta gama lokacin neman namiji, galibi ga wadda ta fara manyanta. Za ta riƙa shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, fitsari ya yawaita, ga amai da kasala, ciki ya ɗan tasa. Sai mai gida ya yi murna ya ce ciki ne da ita. Wani lokaci mugunyar na fitowa ta gabanta, sai a gane da wuri. Wanda ya fi haɗari shi ne idan bakin mahaifa ya rufe, babu abin da ke fita, guba na shiga jini tana taɓa ƙoda, mahaifar ma tana iya fashewa. Hoton ciki na bambance shi da ciki na gaske nan take. Maganin da aka fi dogara da shi shi ne a cire mahaifa da ƙwayayenta gaba ɗaya, tare da ƙarin ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Masu cewa a bari ta sake haihuwa ko sau ɗaya ne, su sani ran karyar suke sawa a caca. Kyanwa ma tana kamuwa da shi.

Sai murɗewar tumbi, wadda ta fi kama manyan karnuka masu zurfin ƙirji irin su Alseshiyan. Kare ya ci ya ƙoshi, can sai ya fara yunƙurin amai babu abin da ke fitowa, yawu na zuba, ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga. A nan kuskuren shi ne a ce bari gari ya waye. Awoyi kaɗan ne tsakaninsa da mutuwa. Kada a ɗura masa manja ko kanwa, a ɗauke shi a tafi. Shi ya sa ya kamata mai babban kare ya ajiye lambar likitan da ke amsa waya da dare, ya kuma raba masa abinci sau biyu a yini maimakon tuli guda.

A wajen kyanwa, abubuwa uku ne. Muzuru da ke tsugunne yana nishi ba komai na fita, ana ɗauka bayan gida ne ya ƙi zuwa, alhali sau da yawa mafitsara ce ta toshe, kuma cikin kwana biyu ko uku yana iya mutuwa in ba a buɗe hanyar ba. Na biyu, zaren ɗinki ko igiyar buhu da kyanwa ta haɗiya: in ka ga bakin zaren a ƙarƙashin harshe ko a dubura, kada ka ja, domin yana iya yanka hanji. Na uku, farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Haka ibufurofen ke illata ciki da ƙodar kare.

Dabbar da mota ko Keke Napep ta buge ta tashi ta gudu, ba lallai ta tsira ba. Tantanin da ya raba ƙirji da ciki yana iya yagewa, kayan ciki su haura su danne huhu. In numfashi ya yi sama-sama, hoton ƙirji ake buƙata.

Akwai kuma gaggawar yanke ƙari. Ba kowane ƙullutu ne wuƙa ke magancewa ba. Ƙarin da ke fitowa a al'aurar kare yana zubar da jini, wanda ake ɗauka wajen barbara, allurar binkiristin (wani maganin ciwon daji) ta mako-mako ce ta fi yi masa aiki, in an yanke shi kaɗai yakan dawo. Ƙullutun nono kuwa akasin haka ne: a kyanwa mafi yawansa ciwon daji ne, jira yana ba shi damar yaɗuwa. A ɗebi ɗan samfuri a duba a ɗakin gwaji, sannan a san abin yi.

In an sa ranar tiyata, a bi umarnin hana abinci yadda likita ya faɗa. Yara kan ji tausayi su miƙa wa kare ƙashi da safe, kuma amai a cikin allurar barci yana iya shiga huhu. Bayan aiki kada a cire robar wuyan da ke hana lasar ɗinki, kada a shafa toka ko baƙin mai, a ajiye dabbar a ɗaki mai tsabta inda ƙuda ba ya kaiwa. Ana kwance ɗinki ne bayan kwana 10 zuwa 14, amma in wurin ya kumbura, ko yana wari, ko dabbar ta daina ci, a koma asibiti a ranar.