Haɗa cakulan daga waken koko, da kula da injin niƙansa

Tun wurin sayen wake ake samun cakulan mai kyau ko a rasa shi. Akasarin kokon Najeriya daga Ondo, Kuros Riba da Osun yake fitowa, kuma ba kowane buhu ne ya dace da wannan aiki ba. Wanda ake nema shi ne wanda manomi ya rufe ya yi tsami na kwana 5 zuwa 7, sannan ya shanya har danshinsa ya sauka zuwa wajen kashi 7 cikin 100. Kafin ka biya, ɗebi ƙwaya 50 ka tsaga kowace a tsaye da wuƙa. Idan cikin ruwan ƙasa ne mai tsage-tsage, ya yi. Shunayya na nufin tsamin bai kai ba, launin toka mai sulɓi kuwa ba a ma rufe shi ba, kuma babu yawan sukarin da zai kashe baurinsa. Mai fumfuna ko warin hayaki, bar wa mai shi kayansa.

Tsince tsakuwa da ƙwayar da ta shanye, ka baza waken a faranti ba tare da wani ya hau wani ba, ka gasa a oben mai zafin digiri 120 zuwa 140 na minti 20 zuwa 30, kana juyawa. Da farko warin tsami ne zai tashi. Idan ya lafa ƙamshin cakulan ya fito, kuma ɓawon yana murjewa a yatsa, sai a sauke. Gashin yana kashe ƙwayoyin cuta, don haka kada gasasshe ya koma kwanon da ɗanye ya zauna. Bayan ya huce sai a ɓarza shi sama-sama a turmi, a bakace da faifai ko a sheƙe gaban fanka. Kilo ɗaya na wake yakan bar giram 750 zuwa 800 na tsaki. Kada ka yi kasala a nan: ɓawon da ya saura yana cin dutsen inji, yana kuma sa cakulan ya yi gurus-gurus a baki.

Ma'aunin kilo ɗaya na baƙin cakulan mai kashi 70 cikin 100 na koko: tsaki giram 650, man koko 50, sukari 300. Na madara: tsaki 250, man koko 200, madarar gari 200, sukari 350. Sukarin ya zama na yau da kullum, domin na garin da ake kwalliyar kek akan haɗa shi da sitaci. Zuma, madarar ruwa, da duk wani ɗanɗano na ruwa ba su da wuri a nan. Cokali ɗaya na ruwa ya isa ya sa kilo guda ya dunƙule ya ƙi motsi, saboda sukarin yana jiƙewa ya manne wa juna a cikin man.

Injin markaɗen unguwa ba zai yi ba. Kullum jiƙe yake, ga warin tattasai, kuma ba ya kai laushin da ake so. Abin da ake amfani da shi injin niƙa ne mai dutse, irin na Indiya kamar Premier ko Spectra: tukunya mai gindin dutse tana juyawa, duwatsu biyu suna birgima a kai. Idan sabo ne, fara da zuba man girki da sukari kofi guda, ya yi awa ɗaya yana juyawa, ka zubar. Wannan ke kwashe ƙurar dutse.

Ɗuma duwatsun da na'urar busar da gashi kafin ka fara, don dutse mai sanyi yana daskarar da man. Sassauta notin saman da ke danne duwatsun, ka zuba narkakken man koko, sannan tsakin hannu ɗaya bayan ɗaya, kana jira kowane ya narke. Fiye da rabin tsakin mai ne, da kansa zai zama ruwa. Bayan awa ɗaya ko biyu sai sukari, shi ma kaɗan-kaɗan, daga nan ka ɗaure notin. Wanda ya juye komai lokaci guda, ko duwatsun su tsaya cak ko bel ya fara zamewa. Niƙan yana ɗaukar awa 24 zuwa 48. An gama idan ka murza tsakanin harshe da ganɗa ba ka ji komai ba.

Babbar matsalar niƙan kwana biyu ita ce ɗauke wuta. Da zarar injin ya tsaya, cakulan ya fara kauri, kuma idan ya sandare aka dawo da wuta injin yana kunne, ko bel ya tsinke ko koyil ya ƙone. Kashe makunnin da zarar an ɗauke. In babu inbata ko janareta, kwashe cakulan ɗin cikin busasshen kwano tun yana ruwa. In ya riga ya daskare, narkar da shi da iska mai ɗumi har sai duwatsun sun juya da hannu, sannan ka kunna. Kada ka ɗora tukunyar a wuta: gam ne ke riƙe da gindin dutsen, zafi mai yawa yana sake shi.

Sai daidaita zafi, inda yawancin masu farawa ke faɗuwa. Man koko yana daskarewa ta siffofi daban-daban, ɗaya ce kawai ke ba da sheƙi da ƙarar karyewa. Narkar da baƙin cakulan zuwa digiri 45 ko 50, ka sauko da shi 27 zuwa 28 kana juyawa babu tsayawa, sannan ka ɗaga zuwa 31 ko 32. Na madara a 29 zuwa 30 yake tsayawa. Ka wuce 34, ka koma farko. Ba a yin wannan da ƙiyasi, sai da ma'aunin zafi. Shafa kaɗan a bakin wuƙa: idan ya kama cikin minti 5 yana sheƙi, zuba a mazubi, ka bubbuga iska ta fita. Ɗakin ya zama digiri 18 zuwa 20. A Kano ko Maraɗi cikin bazara wannan sai da na'urar sanyaya ɗaki. Hunturu ya fi sauƙi don iska busasshiya ce, amma a rufe tagogi saboda ƙura.

Fari-farin da ke fitowa a saman cakulan iri biyu ne. Idan ya narke da ka shafa yatsa, mai ne ya taso, daidaita zafin ne bai yi ba ko ajiyar ta yi zafi. A sake narkarwa. Idan yana da kaushi, raɓa ce ta narkar da sukari, yawanci daga barin sa a firji fiye da minti 15 a fito da shi cikin ɗaki mai ɗumi.

Wanke inji tun yana da ɗumi. Kankare abin da ya saura, ka kwance duwatsun daga sandarsu, domin cakulan yana shiga cikin bushin robar da ke tsakiyarsu ya daskare, shi ke sa dutse ya daina birgima ya koma jan ƙasa har gefe ɗaya ya cinye. Ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi sun isa, dutse yana riƙe wari. Ruwa kada ya taɓa gindin da motar injin take. Bar komai a kwance ya sha iska aƙalla kwana ɗaya, musamman ramin duwatsun, nan ne ɗigon ruwa ke ɓuya. Idan aikin iri ɗaya ne a jere, kankarewa ta wadatar, ba sai an wanke ba.

Duba bel lokaci-lokaci: ƙarar zamewa ko baƙin gari a ƙarƙashin inji alama ce ya saki ko ya ci, kuma a ajiye na canji tun ranar sayen inji. Baƙin maiƙo a gindin sandar tsakiya na nufin bushi ya ƙare. Kada a toshe ramukan shan iskar motar, a kuma share musu ƙura. Mazubin roba mai tauri ba a goge shi da soson ƙarfe, duk ƙarzanen da ya samu zai fito a jikin cakulan. Auduga busasshiya ake shafa masa kafin kowane zubi.