Yadda Ake Zaɓen Sabon Bodin Kyamara Bisa Gilasan da Ke Hannu

Mai ɗaukar hoto a Zariya da ya tara kuɗin sauya kyamara, ko daga aikin biki ya tara su ko daga hotunan ɗalibai a Samaru da Kongo, yawanci tambayarsa ta farko ita ce wane bodi, wato jikin kyamara ba tare da gilashi ba, ne ya fi kyau a kasuwa. Tambayar da ya kamata ta riga wannan ita ce wane bodi ne zai yi aiki da gilasan da ke cikin jakarsa, domin bodi yana tsufa cikin 'yan shekaru, gilashi mai kyau kuwa yakan yi shekara ashirin yana aiki, kuma sau da yawa kuɗin gilasan da mutum ya tara sun fi kuɗin bodin da yake son saya.

Aikin farko shi ne ka zube gilasanka gaba ɗaya, ka karanta abin da aka rubuta a jikin kowanne, ka rubuta shi a takarda. Idan abin da kake da shi bai wuce 18-55 ɗin da aka haɗo da kyamara ba, ko da an ƙara masa 75-300 mai araha, to babu abin da ya ɗaure ka da wani kamfani, kana iya komawa duk inda ka ga dama. Wanda yake da 24-70 f/2.8 ko 70-200 f/2.8 kuwa, waɗannan gilasan su ne jarinsa, kuma su ne za su zaɓar masa bodi.

Abu biyu ake nema a rubutun jikin gilashin: irin bakin da gilashin yake ɗaurewa a kai, da girman sensar da aka ƙera shi dominta, wato ɗan allon cikin kyamara da ke karɓar haske ya mai da shi hoto. Babbar sensa tana da milimita 36 a faɗi da 24 a tsayi, daidai da fim na da. Ƙaramar sensa, wadda ake kira APS-C, ba ta kai rabin wannan fili ba. A wajen Canon, gilashin EF, wanda aka fara a 1987, yana rufe babbar sensa, EF-S kuwa da ya zo a 2003 na ƙarama ne kawai. Ja ɗigo a gindin gilashi alamar EF ce, farin murabba'i kuma alamar EF-S. Nikon tana rubuta DX a jikin na ƙaramar sensa. Sony tana kiran na babba FE, na ƙarama kuma E. Sigma tana rubuta DC ga ƙarama da DG ga babba, Tamron kuma Di II ga ƙarama.

A nan ne mutane suka fi yin asara. Mai Canon 600D ko 80D da ya sayi 6D ko 5D Mark III saboda sha'awar babbar sensa zai tarar gilasansa na EF-S ba sa ma ɗaurewa a sabon bodin, domin haka aka ƙera su. A Nikon gilashin DX yana hawa D750, amma kyamarar za ta yanke hoton ta yi amfani da tsakiyar sensa kaɗai, sai megafiksel 24 ya koma kusan 10. Haka abin yake idan aka ɗora EF-S a kan EOS R6 ta hanyar adafta, wato zoben da ake sawa tsakanin gilashi da bodi: megafiksel 20 yana komawa ƙasa da 8. Hoton zai isa a tura ta WhatsApp, amma idan dangin amarya suka ce a wanke musu babba a sa a firam don falo, raunin zai fito. Saboda haka wanda mafi yawan gilasansa na ƙaramar sensa ne, ko dai ya tsaya a ƙaramar sensa ya sayi bodi mai ƙarfi irin 90D, R7, D7500 ko Z50, ko kuma ya lissafa kuɗin sabon gilashi tun farko a cikin kuɗin sauyin.

Ko gilashin yana rufe babbar sensa, sauyin zai canza abin da yake gani. A ƙaramar sensa ana ninka tsawon gilashi da 1.6 a Canon, da 1.5 a Nikon da Sony. Wannan yana nufin 50mm a kan 80D yana gani kamar 80mm, shi ya sa yake matse mutum a cikin ƙaramin ɗakin amarya a cikin birni, inda babu wurin ja da baya. A babbar sensa zai koma 50 ɗinsa na ainihi, ya ɗauki ɗakin da mutanen cikinsa. Riba ce ga mai aikin kamu da walima da dina, musamman da yake babbar sensa ta fi jure ƙarancin haske idan aka ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar haske na sensa. Amma ga wanda yake jiran Hawan Sallah ko Hawan Daushe a Ƙofar Fada, inda jama'a da dogarai ba za su bar shi ya matsa kusa da dawakai ba, asara ce, domin 300mm ɗin da yake jawo masa fuskar mahayi kamar 480mm zai koma 300 kawai. A ganina mai irin wannan aiki bai kamata ya yi gaggawar barin ƙaramar sensa ba.

Sai batun madubi, wanda tsofaffin kyamarori suke da shi a ciki, gaban sensa. Canon da Nikon duka sun fito da sabon baki na kyamara mara madubi a 2018, wato RF da Z, Sony kuwa ta fara nata bakin E tun 2010. Da yake an cire madubin, tazarar da ke tsakanin baki da sensa ta ragu sosai: daga milimita 44 a EF zuwa 20 a RF, daga 46.5 a Nikon F zuwa 16 a Z. Wannan ratar ce adafta take cikewa, shi ya sa tsohon gilashi yake hawa sabon bodi, sabon gilashi kuma ba ya hawa tsohon bodi. Adaftar Canon daga EF zuwa RF da ta Nikon mai suna FTZ babu gilashi a cikinsu, saboda haka ba sa rage kyan hoto. Gilasan EF da EF-S suna aiki da kyau a kan bodin R, har fokas ɗin da ke bin idon mutum. Masu Canon M50, wadda masu ɗaukar bidiyo suka saya da yawa, su lura: gilasanta na EF-M ba sa hawa RF ko da adafta, sai dai gilasan EF da suke amfani da su a kanta.

Masu Nikon suna da ƙarin abin dubawa, wato inda injin fokas yake. Gilasan AF-S da AF-P injinsu yana cikin jikinsu. Tsofaffin AF da AF-D, irin 50mm f/1.8D da ya yi yawa a hannun mutane saboda araharsa, bodi ne yake juya su da wani ɗan ƙarfe. Jerin D3000 da D5000 ba su da wannan injin, adaftar FTZ ma ba ta da shi, don haka a kansu sai an saita fokas da hannu, abin da ba zai yiwu ba lokacin da ango da abokansa suke shigowa fili. D7200, D7500 da D750 suna da shi. Ta ɗaya gefen kuma, gilasan AF-P na DX ba sa aiki a tsofaffin bodi irin D90 da D7000, sai mai sayen kyamara ta hannu ya kula. Wanda jarinsa AF-D ne, D750 mai lafiya ta fi masa amfani a kan sabuwar Z.

Ɗora gilashin wani kamfani a bodin wani, kamar EF a kan Sony, yana yiwuwa da adafta irin MC-11 ta Sigma, sai dai saurin fokas ya danganta da gilashin, kuma ba zan ba mai aikin biki shawarar ya dogara da shi ba sai ya gwada da kansa. Tsofaffin gilasan Sigma da Tamron ma wani lokaci sukan buƙaci a sabunta manhajar cikinsu kafin su yi aiki daidai a sabon bodi.

Idan bodi biyu ko uku suka rage a takarda, sai a duba ƙananan abubuwan da ke cin kuɗi a ɓoye. Batir na gaba a cikinsu, domin kyamara mara madubi ta fi shan caji, kuma wutar lantarki ba abin dogaro ba ce a daren biki. Batiran LP-E6 na 60D, 80D, 6D da 5D Mark III danginsu ɗaya da na R6 da R7, haka EN-EL15 na D7000 da D750 danginsu ɗaya da na Z6, saboda haka tsofaffin batiranka ba za su zama shara ba. Amma a duba littafin kyamarar, don wasu sababbin bodi suna rage wasu ayyuka idan an sa musu tsohon batir. Ramin memori biyu ma abin nema ne ga wanda ake biya, tun da ba a sake ɗaurin aure don kati ya lalace: D7200, D750 da R7 suna da biyu, D7500, 6D Mark II da R10 ɗaya. Akwai kuma ƙurar hunturu. A kyamara mara madubi babu abin da zai tare sensa idan aka cire gilashi, don haka wanda yake yawan canza gilashi a waje tsakanin Disamba da Fabrairu ya nemi bodin da ke rufe labulen shota idan an kashe shi, kamar R6, ko ya saba da juya bakin kyamara ƙasa yayin canji.

Ranar saye, ko a Sabon Gari ne ko a Kaduna ko Kano, ka tafi da gilasanka da katinka, kada ka yarda da gwajin da aka yi da gilashin mai shago. Ka ɗaura kowanne bi da bi, ka buɗe shi iya buɗewarsa, ka ɗauki fuskar mutum a cikin shago inda haske ya yi ƙasa, sannan ka sa wani ya taho wajenka yana tafiya ka ga ko fokas yana binsa. Ka ɗauki farin bango ko sararin sama a f/16 don tabon ƙura ko ƙarcen sensa ya bayyana. Idan bodin na hannu ne, ka nemi adadin hotunan da shotarsa ta ɗauka, ka duba ƙananan ƙarafan da ke bakin ko sun lanƙwashe ko sun yi tsatsa. Hotunan kuma a buɗe su a kwamfuta a faɗaɗa kafin a biya, domin ƙaramin allon bayan kyamara yana ɓoye fokas ɗin da ya kauce.