Tara tsofaffin katun da fina-finan da: abin dubawa kafin ka biya, da yadda za ka adana su a Zariya

Kafin ka sayi kaset ko faifai ko ɗaya, ka tsayar da abin da kake son tarawa. Wanda ya ce komai ya gani zai ɗauka, nan da nan ɗakinsa ke cika da kwalaye, rabi maimaici, rabi ba sa yi. Zaɓi kamfani ɗaya ko zamani ɗaya, ka san adadinsa. Ɗauki Tom and Jerry. William Hanna da Joseph Barbera sun yi guda 114 a kamfanin MGM daga 1940 zuwa 1958. Gene Deitch ya yi 13 a birnin Prague a 1961 da 1962, sannan Chuck Jones ya yi 34 daga 1963 zuwa 1967. Jimilla 161 ke nan. Da wannan lissafi a aljihunka, in mai kaya ya ce faifansa ya ƙunshi dukkansu, ƙirgawa kawai za ka yi. Sau da yawa za ka tarar an cike gurbin da na talabijin da aka yi daga baya, waɗanda zanensu bai kama ƙafar na farko ba.

Wuraren nema sanannu ne: masu kayan lantarki na gwanjo a kasuwar Sabon Gari da Tudun Wada, da shagunan masu gyaran rediyo da bidiyo inda kayan da aka kawo gyara ba a dawo karɓa ba suke jibge. Akwai kuma tsofaffin masu ba da hayar kaset da suka rufe shago suka kulle kayan a sito. A Samaru da Kongo, inda Jami'ar Ahmadu Bello take, lokacin da malami ya yi ritaya zai bar gidan makaranta, akan fitar da kayan da aka shigo da su daga Ingila ko Amurka tun da jimawa, kuma irin waɗannan sun fi tsabta domin gida ɗaya suka zauna. Kaset ɗin haya kuwa ya sha hannu, a yi hattara da shi.

Abin da ke raba mai tarawa da mai kallo kawai shi ne sanin bugu. Fim ɗaya yakan fito sau biyar, kowanne da fuskarsa. Fara da siffar hoto. Fina-finan da aka yi kafin 1953 kusan duk siffar tsohuwar talabijin gare su, wato 4:3. In ka ga katun na 1945 ya cika faffaɗar talabijin ta zamani daga gefe zuwa gefe, to ko dai an yanke sama da ƙasa, ko an miƙe hoton har kowa ya zama gajere mai ƙiba. Akasin haka yake ga waɗanda aka ɗauka da CinemaScope, wato tsarin faffaɗan hoto, daga 1953: su baƙin layi sama da ƙasa shi ne daidai, in babu shi to an datse gefe biyu. Tom and Jerry na ƙarshen zamanin Hanna da Barbera suna cikin wannan rukuni, kuma yawancin kaset sun datse su.

Sai launi. Popeye na farko da kamfanin Fleischer ya fara a 1933 baƙi da fari ne, daga baya aka kai da yawa Koriya ta Kudu aka sake zana su da launi, aka rage yawan zanen, motsin ya zama tsalle-tsalle. Masu son fina-finan Indiya na da, kuma a nan ba su da kaɗan, su lura da Mughal-e-Azam: na 1960 galibinsa baƙi da fari ne, mai launin nan na 2004 ne, kuma an rage masa tsawo. Dukkansu abin ajiyewa ne, amma a rubuta wanne ne wanne. Wani lahanin da ba kowa ke kamawa ba shi ne na sharar hoto da kwamfuta: manhajar da ke goge datti takan ɗauki siririn layin zane a matsayin datti, sai gashin bakin kyanwa ya ɓace duk lokacin da ta ruga da gudu. Tsayar da hoton a wurin gudu ka duba.

Tsawon lokaci ma yana faɗin gaskiya, in ka iya lissafinsa. Ana ɗaukar fim a kan hoto 24 cikin daƙiƙa, tsarin talabijin na PAL da muke amfani da shi a Najeriya kuma 25 yake nunawa. Saboda haka fim mai minti 100 zai zama 96 a kaset ko DVD na PAL, murya ta ɗan ƙara sirantaka. Wannan ba yanka ba ne. In gibin ya wuce kashi 4 cikin 100, to an cire wani abu. Tsofaffin katun na Amurka da dama an yanke musu wuraren da aka zana baƙar fata da siffar izgili, wasu kuma an sake musu murya. Bugun da bai yanke ba, uba ya fara kallonsa shi kaɗai kafin ya kunna wa yara.

Duba faifai a kasuwa ba ya ɗaukar minti biyu. Juya shi. Bugun kamfani bayansa ruwan azurfa ne ko ruwan zinare, kuma a zoben tsakiya akwai ƙananan lambobi, galibi da haruffan IFPI. In bayan ya yi shuɗi ko ruwan malmo, a kwamfuta aka ƙona shi, kuma irinsa zafi da rana suna kashe shi da wuri. Ɗaga shi sama ta wajen haske: ƙananan huji ko tabo kamar na shayi alamar ruɓewa ce, ba ta da magani. A VCD, karcewar saman da ke da rubutu ta fi ta ƙasa muni, domin bayanan suna dab da fentin. A DVD bayanan suna tsakiyar roba biyu da aka manne, don haka abin tsoro shi ne rabuwarsu, wadda ke farawa da tsagewa a ramin tsakiya. Wajen gwaji kada ka tsaya a farkon fim. Tsallaka tsakiya da ƙarshe, domin DVD mai hawa biyu a wurin sauya hawa yake fara maƙalewa.

Faifan nan mai fim 20 a ciki, a bar shi. DVD mafi girma da aka saba gani gigabait 8.5 yake ɗauka. Raba shi gida 20, kowane fim bai kai rabin gigabait ba, alhali VCD da ake raina wa faifai biyu yake ba fim ɗaya.

Akwai kuma shiyya, wato kullen da ke hana faifan wani yanki na duniya yi a na'urar wani yankin. A DVD Najeriya tana shiyya ta 5 tare da Indiya, Ingila 2 ce, Amurka 1. Yawancin na'urorin DVD marasa tsada na kasuwarmu ba ruwansu da wannan, duk suna ci. Blu-ray ne mai taurin kai: mu da Turai B muke, Amurka A, Indiya C. In ɗan'uwa zai aiko maka daga waje, na Ingila ya fi sauƙi.

Kaset ya fi faifai neman kulawa. Leƙa ta gilashin. Farin tabo ko wani abu kamar yanar gizo a gefen naɗin fumfuna ce, kuma kaset guda mai ita zai shafa wa na'ura, na'ura ta shafa wa duk wanda ya biyo baya. A ware shi a leda daban. Danna ɗan maɓallin da ke gefe ka ɗaga murfin gaba ka ga zaren: in gefensa ya yamutse, wata na'ura ta taɓa tauna shi, kuma a wurin hoto zai riƙa rawa har abada. Duba lambar jiki, E-180 na PAL ne, T-120 na tsarin NTSC na Amurka. Na biyun in ka sa shi a bidiyon da ba ta san shi ba, hoto zai hargitse, murya ta canza. Abu na ƙarshe, ɓalle ɗan harshen robar da ke bayan kaset in yana nan, domin kada wani ya danna jan maɓallin ɗauka ya ɗauki ƙwallo a kansa.

Na'urar ita ce babbar matsala, tunda kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera bidiyon VHS, ya daina a 2016. Duk wadda za ka samu ta tsufa. Nemi mai cin PAL da NTSC duka, daga Panasonic, JVC, Sony ko Sharp, kuma in hali ya yi ka sayi biyu iri ɗaya, ɗaya ta zama ta cire kaya. Karanta bayanta kafin ka jona. Wutarmu 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100, kuma ba tare da taransifoma mai rage wuta ba daƙiƙa ɗaya ta isa ta ƙone. Ko wadda ta dace da wutarmu, a sa mata sitabilaiza. Gwaji kuwa da kaset marar amfani ake yi: saka, kunna, tura gaba, mayar baya, fitar, sau uku. In ta fito da zare a waje, bel ko robar da ke jan zaren ta saki, gyaran ba shi da wuya ga tsohon mai gyara.

Idan sauti na fita amma hoto ya zama yayyafi, kan na'urar ne ya yi datti. Zare wuta, buɗe murfi, za ka ga gangar ƙarfe mai sheƙi a karkace. Jiƙa farar takarda da sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko sama, ɗora ta a jikin gangar da yatsa a hankali, ka juya gangar da ɗaya hannun. Kada ka goga sama da ƙasa, kan ɗan mitsitsi ne, karyewa yake. Kada ka sa auduga, zarenta yana maƙalewa. Jira minti 10 ya bushe. Sifirit na kemis yana da ruwa a ciki, shi ya sa ba a so.

Yanayin Zariya yana kawo hari uku a shekara. Ƙurar hunturu tana shiga na'ura ta kankare zare, don haka a rufe ta da ƙyalle, kaset kuma kada ya kwana ba gida. Zafin bazara, musamman Maris zuwa Mayu, yana lanƙwasa faifai, kuma mota da aka ajiye a rana ko saman durowa a ƙarƙashin kwanon da ba silin ya isa ya gama da kaya cikin yini guda. Na damina ya fi duka, domin a watan Agusta ne fumfuna ke kamawa. Ajiye kaya a tsaye, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da bangon waje, a kan kanta da ta ɗaga daga ƙasa saboda laima da gara. Kwali yana jan danshi kuma kyankyasai na son sa, gara akwatin roba mai murfi, a jefa ƙullin silika a ciki, irin wanda ke zuwa cikin kwalin takalmi. Kada a jingina kaset da sifika, maganaɗisun cikinta yana taɓa hoto. A mayar da zare farko kafin ajiya, kuma sau ɗaya a shekara, bayan ɗaukewar ruwa a Oktoba, a tura kowanne ƙarshe a dawo da shi. Faifai kuma daga tsakiya zuwa baki ake share shi, a miƙe, ba a zagaye ba.

Duk kaset da babu irinsa a faifai, a juye shi a kwamfuta tun yana yi. Wannan ya haɗa da fina-finan Hausa na farkon shekarun 1990, waɗanda da yawansu a kaset kaɗai suka fito. Ana buƙatar ƙaramar na'urar ɗauka mai shiga USB, da wayar nan mai kai uku, rawaya na hoto, fari da ja na sauti. Saita manhaja irin OBS Studio a kan PAL, 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa, ka daidaita tirakin, wato saitin bidiyo da ke hana hoto layi-layi, kafin ka fara. Kaset na awa uku awa uku zai ci, don haka a yi da batir ko inbata, kada ɗaukewar wuta ta bar zare a naɗe jikin ganga. In hoto yana haske yana duhu a kaset ɗin kamfani, kariyar hana kwafi ce mai suna Macrovision, ba lalacewa ba. Kwafin na ajiyarka ne, sayar da shi satar fasaha ce. Ajiye shi a rumbun kwamfuta biyu, ɗaya a wani gidan daban, kuma a sunan kowane fayil ka rubuta shekarar fim, kamfanin da ya buga, da ko PAL ne ko NTSC.