Yadda ake gano ciwon mahaifa a jikin goɗiya kafin a sake kai ta barbara

Goɗiya mai lafiya takan nemi namiji kusan duk bayan kwana 21, kuma idan ta ɗauki ciki takan yi wajen wata 11 kafin ta haihu. Idan an kai ta barbara sau biyu ko uku ba ta riƙe ba, yawancin masu dawaki a nan Sakkwato sukan canza ingarma, alhali sau da yawa matsalar tana cikin mahaifarta, inda ƙwayoyin cuta na bakteriya suka samu wurin zama.

A fara da duba bayanta da sassafe, kafin a wanke ta. A ɗaga wutsiya a ga ko gashin ya manne da busasshen ruwa, ko akwai farin ruwa mai kauri ko mai launin toka da ya gangaro ta cinyoyi. Sai a lura da tsayuwar farjin: idan dubura ta lotsa ciki, farjin kuma ya kwanta a ƙarƙashinta, kashi zai riƙa zuba a kansa, iska kuma ta riƙa shiga. Wannan ya fi yawa ga tsohuwar goɗiya ko ramammiya, musamman a ƙarshen rani lokacin da harawa ta yi tsada, kuma mai kunne yakan ji ƙarar shigar iskar idan tana sassarfa. Sai dai wata goɗiyar ba ta nuna komai a waje.

Ƙwayar da aka fi samu ita ce Streptococcus zooepidemicus, wadda dama tana zaune a fatar al'aurar dawaki, sai Escherichia coli da ke zuwa daga kashi. Klebsiella pneumoniae da Pseudomonas aeruginosa kuwa ingarma na iya ɗauko su daga wata goɗiya ya kai wa wata. Haka ma Taylorella equigenitalis, wadda aka fara ganowa a Ingila a 1977, ingarma yana ɗauke da ita ba tare da ya nuna alamar ciwo ba, ita kuwa goɗiya sai ta dawo neman namiji kafin lokacinta.

Dalilin jero waɗannan sunaye shi ne ba magani ɗaya ke kashe su ba. Penisilin yana aiki a kan ta farko, amma ba ya taɓa Pseudomonas, don haka allurar da aka sayo a kasuwa aka yi bisa zato asarar kuɗi ce, wani lokaci ma takan share wa cutar fungas, wato ƙwayoyin cuta dangin fumfuna, hanya. Abin yi shi ne a kira likitan dabbobi ya ɗebo samfuri daga cikin mahaifa lokacin da take neman namiji, a kai ɗakin gwaji kamar na asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a gano ƙwayar da maganinta. Likita kan wanke mahaifar da ruwan gishiri na asibiti, ya yi allurar oksitosin don ta matse ta fitar da ruwan da ya taru, idan kuma iska ke shiga sai ya ɗinke saman farjin, ɗinkin da dole a warware kafin haihuwa.

Ranar barbara a naɗe wutsiya da tsumma mai tsabta, a wanke bayanta da ruwa mai kyau, kuma kada a yi amfani da bokiti ɗaya da soso ɗaya ga duk dawakin barga. A tambayi mai ingarma waɗanne goɗiyoyi ya hau kwanan nan, ko da tambayar za ta yi nauyi a baki. Bayan haihuwa kuma a shimfiɗa mabiyiya a ƙasa a tabbatar ta fito duka. Idan ta wuce awa 3 ba ta faɗo ba, kada a ja ta da hannu, a nemo likita nan take.