Gwanjon mota a Amurka: ba sai kana da lasisin dila ba

Jama'a, mai son sayo mota daga gwanjon Copart ko IAAI, kada ka wahalar da kanka wajen neman lasisin dila, wato izinin sana'ar sayar da motoci. Bi ta hannun dillali mai rajista da kamfanin.

Kowace jiha a Amurka da dokarta. Wasu sun yarda kowa ya taya, wasu kuwa sai mai lasisi. Shi kuma lasisin, a yawancin jihohi sai kana da wurin ajiye motoci, inshora da kuɗin jingina. Don mota ɗaya ko biyu? Asara ce. Dillalin yana da takardun, kai za ka taya da kanka ta shafinsa, ya ɗauki ladansa. Jerin sunayen dillalan na nan a shafin Copart, kada ka yarda da wanda ya tallata kansa a WhatsApp kawai.

Amma a gwanjon kamfanin Manheim wannan dabarar ba ta ci, na diloli ne zalla.

Kafin ka taya, duba takardar mallakar motar. In an rubuta ta kayan gyara ce kawai, ka bar ta, domin kwastan na Amurka na son ganin takardar mallaka awa 72 kafin a loda ta a jirgi. Sa lambar shaidar motar (VIN) a Carfax, shafin da ke nuna tarihin mota, musamman saboda motocin da ambaliya ta ci: jiki fes, wayoyi sun ruɓe.

Sannan ka haɗa ladan gwanjo, jigila zuwa tashar ruwa da kuɗin kwastan a Legas. In ka yi jinkirin ɗauka, kuɗin ajiya kullum ƙaruwa yake.