Rigima da bakanike: kurakuran da ke kayar da mai mota a gaban alƙali

Yawancin masu mota tun a bakin gareji suke rasa shari'arsu, ranar da suka miƙa makulli suka ce "Maigida, duba min ita, tana wata ƙara", suka juya. Abin yana ci mini rai, domin na ga masu gaskiya sun fito daga kotun Maraɗi hannu rabbana, don kawai ba su da takarda.

Ka ba da jika hamsin na kayan gyara, ba rasit, ba shaida. Bayan sati uku bakanike ya ce talatin ya karɓa. Alƙali bai je garejin ba, da abin da aka ajiye gabansa yake hukunci. Saboda haka kafin a kwance noti ɗaya, a rubuta abin da za a gyara, kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, da ranar karɓar mota, kowa ya sa hannu. In kana jin nauyinsa don kun daɗe tare, tura masa saƙo ta WhatsApp, ka bari ya amsa. A kuma fayyace ko kayan sabo ne ko na hannu. Da yawa daga Kano da Katsina suke shigowa ta Ɗan Isa, kwali ɗaya, inganci daban. Tsohon da aka cire kuwa naka ne, ka karɓe shi.

Kuskuren da ya fi ɓata ƙara shi ne fushi. Mota ta sake mutuwa a hanyar Tasawa, sai a ja ta zuwa wani gareji, a buɗe inji, a gyara, sannan a tuna da kotu. To, da hannunka ka share hujjarka. Ka ɗauki hotuna tukuna. In ɓarnar mai yawa ce, ka kira wisiye, ma'aikacin shari'ar nan da ke rubuta abin da ya gani da idonsa, takardarsa tana da nauyi. Alƙali ma yana iya naɗa ƙwararre ya duba injin, muddin ba a taɓa shi ba.

Sai masu rugawa komisariya. Gyara mara kyau ba laifin ɗauri ba ne, maganar diyya ce tsakanin mutum biyu, kuma hurumin alƙali ce. Amma in bakanike ya sayar da kayan motarka, ko ya cinye kuɗin da ka ba shi don sayen kaya, wannan cin amana ne, a nan ƴan sanda suke da aiki.

Akwai kuma abin da mutane ba sa son ji: dokar OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka wadda Nijar ke cikinta, ta ba wanda ke bin bashi damar riƙe kayan da ke hannunsa har a biya shi. Wato bakanike yana iya riƙe motarka a kan kuɗin gyaranta. Kada ka tara yara ku je ku fizge ta. Ka biya abin da ba ka jayayya a kansa, a rubuta maka, sauran ku yi magana.

Maganar kuwa a fara ta a gida. Shugaban sandikar kanikawa ko mai unguwa sukan kashe irin wannan wuta a zama ɗaya, kuma doka ta amince wa sarakunan gargajiya yin sulhu. Sai dai a rubuta abin da aka shirya a kai. In ya ƙi, ka aika masa wasiƙa mai kwanan wata, da adadin da kake nema da wa'adin biya, ka ajiye kwafi, sannan ka je wurin magatakardan kotu. Wanda ba shi da ƙarfi ya nemi ofishin ANAJJ, hukumar taimakon shari'a da aka kafa a 2011.

Ranar zama, kada ka ce wai ya cuce ka kawai. Ka faɗi nawa, kuma na mene. Ka duba takardar motarka ma tun yanzu: in har yau da sunan wanda ya sayar maka take, ka zo da takardar cinikin, domin za a iya tambayarka da wane matsayi ka kawo ƙara.