Kurakuran da ke sa cinikin gida ya maƙale a ofishin ƙasa a Kano

An yi ciniki, an sallama, mai saye ya ajiye kafin alƙalami, dillalai har sun fara lissafin la'ada, sai a share watanni ana jiran takarda. Kowa ya ɗora wa ma'aikatar ƙasa laifi. Ana jinkiri a can, ban musa ba, amma yawancin fayil ɗin da ke kwana a KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano, tun daga gida suka zo da ciwonsu.

Kuskuren da ya fi cin dukiya shi ne mutum ya sayi gida, a miƙa masa satifiket ɗin mallakar fili mai sunan wani, ya kulle a durowa ya ce ya mallaka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 22, ta ce wanda ke riƙe da shaidar mallaka ta gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa wannan ba shi da inganci. A 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta ce hukuncin ya haɗa har da filayen birni da aka mallaka tun kafin dokar. To ga yadda abin ke juyewa. Gida a Hotoro ko Rijiyar Zaki ya bi hannu uku, kowa da takardar cinikinsa da shaidu biyu, amma a fayil har yau sunan mai shi na farko ne. Ranar da aka samu mai saye da zai biya ta banki, ko lauyansa ya je bincike, sai a ce ba a san ka ba. Wanda sunansa ke fayil shi ne zai nemi amincewa. Sai a shiga neman mutumin da ya sayar shekara 15 da suka wuce. Idan ya rasu, sai an tara magadansa, kuma a cikinsu ba a rasa wanda zai ce sai an ba shi wani abu kafin ya sa hannu.

Haba jama'a! Ka iya fitar da miliyoyi ka sayi gida, ka yi masa fenti da tayil, amma kuɗin canza suna ne ya yi maka nauyi? Kuɗin nan fa ba ya yafuwa, jiranka yake, kuma da farashin ranar da ka je za a yi wa gidan ƙima. Ni dai ba na bari a tashi daga zaman ciniki sai mai sayarwa ya sa hannu a takardar miƙa mallaka da lauya ya rubuta, da takardar neman amincewar gwamna, ya ba da hotunansa da kwafin katin shaidarsa. A makon da aka sa hannu a shigar da takardun, a biya kuɗin hatimi da na rajista, kowane rasit a ajiye asalinsa.

Na biyu shi ne gidan gado. Babban wa ya sa gida a kasuwa don shi ne babba, alhali ba a raba gado ba, akwai mata a gidajen aurensu da ba a tuntuɓa ba, akwai marayu ƙanana. Ƙorafin mutum ɗaya ya isa ya tsayar da fayil. A fara zuwa kotun shari'ar Musulunci a samu takardar rabon gado, magada su wakilta mutum ɗaya a rubuce, sannan a kira dillali. Mai saye kuma ya nemi ganin takardar kotun da idonsa, kada ya tsaya ga "ai duk mun yarda".

Sauran ƙanana ne, amma kowanne yana cin makonni. Harajin ƙasa na shekara-shekara da aka bari ya taru, sai an biya shi kaf fayil zai motsa. Takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku, a neme ta tun da wuri. Suna ya zo ɗaya a ko'ina: Muhammad a satifiket, Mamman a katin ɗan ƙasa, sai an je rantsuwa kotu. Gidan da aka taɓa jinginarwa a banki, biyan bashin bai wadatar ba, sai an yi rajistar takardar sakinsa. Wanda ya ci hanya da katanga, safiyo zai gano ranar duba duwatsun awo. Shi kuwa filin awon igiya, wato wanda ba gwamnati ta yanka ba, takardar mai unguwa da dagaci shaida ce ta ciniki, ba satifiket ba ce, kada a yi wa mai saye alkawarin canza sunan da babu fayil ɗinsa.

Mai saye, kada ka biya duka kafin bincike. Ka nemi lambar fayil, a yi binciken a hukumance, a ba ka sakamakon a rubuce. A raba kuɗin kashi-kashi cikin yarjejeniya: wani bayan bincike, wani ranar sa hannu da karɓar makulli, ragowar ranar da amincewa ta fito. A rubuta wanda zai ɗauki kowane caji, da ranar da za a mayar da kafin alƙalami idan takarda ta ƙi fita.